Yadda Ake Mai da Binciken Salsala da Gwajin DNA Sana'a

Tun da mutane suka ga ina haɗa wa iyalai littafin salsalarsu ba a raba ni da tambaya biyu, wai ta ina ake farawa, kuma ana cin abinci da abin kuwa? Ana ci, amma fa ba da wuri ba. Kuma wanda ya shigo don ya ga bidiyon baƙaƙen Amurka suna buɗe sakamakon DNA suna hawaye, to ya sani wancan ƙarshen aikin ne, farkonsa zama ne a kan tabarma gaban tsohuwa kana sauraro har ƙafarka ta yi tsami. Zan faɗi yadda nake yi, ku ma mata ku karanta da kyau don akwai inda kuka fi mu shiga a aikin nan.

KAYAN AIKI

Waya mai ɗaukar murya tangaran, da fawa banki, da memori na daban wanda ba ka sa komai a ciki sai aikin nan.

Littafin rubutu mai kauri da fensir. Fensir ɗin don wasu ma'ajiyoyin tarihi ba sa son biro kusa da tsofaffin takardu.

Farin kwali babba, irin wanda ɗalibai ke zane a kai. A kansa za ka zana bishiyar salsalar a gaban masu gida.

Kwamfuta in da hali, ka sa mata manhajar Gramps ta haɗa bishiyar salsala, kyauta ce kuma tana aiki babu data. Ka buɗe asusu a FamilySearch, shafin binciken salsala a intanet, shi ma kyauta ne. Duk manhajar da ka zaɓa ka tabbata tana fitar da fayil ɗin GEDCOM, shi ne ke ba ka damar kwashe bishiya daga wata manhaja zuwa wata ba sai ka sake bugawa ba. In babu kwamfuta kada ka fasa, ka ware wa kowane mutum shafi ɗaya a littafi ka ba shi lamba, a ƙasa ka rubuta lambar ubansa da ta uwarsa.

Karatun ajami da ɗan Larabci. In ba ka iya ba ka nemi malamin zaure ɗaya da za ku riƙa aiki tare kana biyansa. Turanci dole ne, Faransanci kuma in aikin zai kai ka Nijar, Kamaru ko Chadi.

Goro, turare, sabulu. Ba a shiga wurin tsoho hannu rabbana.

In kai namiji ne, ka samu abokiyar aiki mace, ƙanwarka ko matarka, don akwai ɗakunan da ba za ka taɓa shiga ba kuma a nan rabin labarin yake.

1. FARA DA GIDANKU

Kada ka karɓi kuɗin kowa kafin ka gama naku. Ka rubuta kanka, iyayenka, kakanni 4, iyayensu 8, in Allah ya taimake ka ka kai 16 na sama da su. Za ka ga ɓangaren uba yana tafiya sumul har wajen mutum 6 ko 7 a jere, na mata kuwa tun daga kakar kaka sai a ce maka "ai wata Bafulatana ce daga gabas". A nan za ka koyi aikin, kuma duk kuren da za ka yi gara ka yi shi a gida.

2. HIRA DA TSOFAFFI

Wannan shi ne gaggawa, takarda tana jira, DNA yana jira, tsoho ba ya jira. Ka jera sunayen duk wanda ya haura 70 a dangin ka fara da wanda ya fi rauni. Akwai wata goggon mahaifina da na yi ta cewa sai bayan sallah zan je, kafin sallar aka yi mana rasuwarta, kuma ita kaɗai ta san sunan garin da aka auro kakarsu, har yau wurin a buɗe yake a bishiyarmu.

Ka je da hantsi ko bayan la'asar, kada ka wuce awa ɗaya, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda kuma farkon abin da zai shiga ciki shi ne ranar, da garin, da sunan mai magana. Kada ka ce "Baba ba ni tarihin gidan nan", in ka faɗi haka zai ba ka haddar da kowa ya sani, daga gabas muka zo, aka yada zango a wuri kaza. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Wa ya yi miki riƙo? A wane ɗaki aka haife ki? Wa ya karɓi sadakinki? Gonar bakin rafi ta waye kafin ta zo hannunku? In an yi rasuwa daga waɗanne garuruwa ake zuwa gaisuwa? Wannan ta ƙarshen tana buɗe rassan da aka manta da su. In ya yi shiru kada ka cike masa shirun, bar shi, yana lalubo ne.

Tsofaffin mata sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita ta dawo. Kuma ka ji kowa shi kaɗai tukuna, don in ka tara su babban ne kawai zai yi magana saura su ce "haka ne". Sai daga baya ka shimfiɗa kwalin nan a tsakar gida kowa ya leƙo, nan za ka ji an ce "a'a wannan ai ba ɗan Malam ba ne agola ne, da shi uwar ta zo".

Ɗan riƙo, agola, ɗan'uwan shayarwa, almajirin da ya girma a gidan har aka yi masa aure, duk za a kira maka su "ɗanmu ne". Ka rubuta su don 'yan gida ne, amma da alama ta daban. Haka 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya, kowane yaro ka rubuta sunan uwarsa, in ka yi sakaci da wannan lissafin DNA zai ruɗe maka a gaba.

In tsofaffin gidan sun ƙare, ka nemi maroƙin gidan ko makaɗinsu, kirari yana ɗauke da sunayen kakanni a jere, sai wanzamin gidan wanda ya san tsagarsu da inda ta samo asali, da limami da mai unguwa. Sai dai ka tuna maroƙi ba ya faɗin abin da zai ɓata wa mai gida rai.

3. KA WARWARE SUNAYE

Mu ba mu da sunan dangi guda da ke bin zuri'a irin na Turawa, kowa da sunan ubansa yake tafiya, wasu kuma makaranta ta liƙa musu sunan gari. Ga alkunya, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta, wanda aka sa wa sunan kaka kuma ya koma Abba ko Baba ko Ummi har ya tsufa. Don haka kowane mutum ka nemi sunan yanka, da laƙabi, da sunan sana'a ko sarauta. Na taɓa zana mutum biyu a bishiya, wa da ƙani, sai a zama na uku na gane mutum ɗaya ne, 'ya'yansa suna kiransa da suna ɗaya abokan fataucinsa da wani.

Laƙabin ma shaida ne in ka iya karanta shi. Tanko ya biyo mata, to ina yayyensa mata a bishiyar? Gambo ya biyo tagwaye, to ina tagwayen, ko sun koma tun suna jarirai? Audi bai tarar da mahaifinsa ba, wato ka samu shekarar rasuwar uban. Balarabe kuma ranar Laraba aka haife shi, kada wani jika ya ce maka shaidar Larabawa ne su.

4. KA SA SHEKARU

Tsoho ba zai ce maka 1926 ba, zai ce "shekarar da Sarki Alhaji ya hau". Ka yi wa kanka jadawali na yankin da kake aiki. Na Kano misali: Turawa sun shigo 1903, Abbas ya yi sarauta 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero, wato Sarki Alhaji, zuwa 1953, Ado Bayero ya hau 1963. A Katsina Dikko 1906 zuwa 1944, sai Usman Nagogo har 1981. Ka ƙara da yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, yaƙin Hitila, zuwan Sarauniya 1956, kashe Sardauna a Janairun 1966, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Sai ka tambaya, lokacin kin fara tallar goro? an yi miki aure? goyon wa kike yi? Abin da ka samu ta haka ka rubuta "wajen" a gabansa. In ka ga shekarar Hijira a takarda ka rubuta ta yadda take sannan ka sa ta Miladiyya a gefe.

5. TAKARDU

Ka fara da adakar cikin gida. Malamai da yawa suna rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi ko a 'yar takarda cikin gafaka, da ajami ko Larabci. Sai takardar rabon gado ta kotun alƙali, wadda ta fi komai daraja a wurina don tana jera mata da 'ya'ya maza da mata da sunansu, ba wanda ke yarda a manta da shi ranar rabo. Sai takardar gona, rasidin haraji da jangali, fasfon aikin hajji, takardar sallama daga soja, bayan hoto. Ka ɗauki hoto a nan inda take, gaba da baya, kada ka fita da takardar mutane ko da sun ce ka je da ita.

Daga nan sai ma'ajiyoyi. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, a ciki akwai rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi inda jami'ai suka rubuta tarihin garuruwa da jerin hakimai da dagatai. Gidan Arewa da ke Kaduna, gidan Sardauna a da wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da rubuce-rubucen hannu da kundayen bincike. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Yamai akwai ma'ajiyar ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH. Ka je da sunan gunduma da lardi na wancan zamanin, ba sunan ƙaramar hukuma ta yanzu ba, kuma ka gwada rubutun suna iri-iri don Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Gaskiyar magana in gidan ba na sarauta ba ne ko malanta ko manyan fatake, da wuya ka ga sunan kakan a fayil, amma za ka ga garinsu da shekarar da aka yi ƙaura da dalilinta.

6. KA RABA "AN CE" DA "NA GANI"

Kowane bayani ka rubuta inda ka samo shi, wa ya faɗa, yaushe, shi ya gani ko ji ya yi. Ni kala uku nake amfani da su, abin da takarda ko shaidu biyu da ba su haɗa baki ba suka tabbatar, abin da mutum ɗaya ya faɗa, da abin da yake labarin gado ne kawai. Labarin Yemen ko Bagadaza ko sharifta kada ka yi masa dariya kuma kada ka goge shi, ka rubuta "zuri'ar tana riwaito cewa". Amma in wani ya ce zai ƙara maka kuɗi ka haɗa masa layinsa da gidan sarauta ko da wani waliyyi, ka mayar masa da kuɗinsa. Littafin nan jikoki za su ɗauke shi hujja, har rigimar sarauta da ta gado ana iya shiga da shi.

7. SAI YANZU DNA

Gwajin iri uku ne. Na farko shi ne na gaba ɗaya wanda ke duba abin da ka gada ta uwa da uba, shi AncestryDNA da MyHeritage da 23andMe da FamilyTreeDNA suke sayarwa, yana nemo dangi har wajen kakanni hawa 5 ko 6, daga nan sai ya dusashe. Na biyu na Y, maza kaɗai ke da shi, yana bin layin uba zuwa uba, in mace ce ke nema sai a gwada mahaifinta ko shaƙiƙinta ko baffanta. Na uku na layin uwa zuwa uwa, kowa yana da shi amma mace ce kaɗai ke gadar da shi. Waɗannan biyun FamilyTreeDNA aka fi sani da su.

Ka gwada mafi tsufa tukuna, don kaka tana ɗauke da abin da jika bai gada ba. Ancestry da 23andMe miyau ake tofawa a kwalba, MyHeritage da FamilyTreeDNA auduga ake gogawa a cikin kumatu, tsoho mai bushewar baki na audugar ya fi masa sauƙi. Kada ya ci ko ya sha komai na kamar awa ɗaya kafin nan, musamman goro, ka tsaya a kai da kanka. Ka yi rajistar lambar kwalbar kafin ta bar hannunka, da sunan mai ita. Ɗakunan gwajin a waje suke, ka duba ko kamfanin yana aikowa ƙasarku, in ba ya yi sai ta hannun matafiyi amintacce.

In sakamako ya fito, shafin kashi-kashin ƙabila kowa ke rugawa, kuma shi ne mafi rauni, don mutanenmu da aka gwada aka kwatanta da su ba su da yawa, kamfani yana sabunta lissafi kason ya canza. Kada ka taɓa sayar wa mutum "kai Bahaushe ne" ko "kai Bafulatani ne" da wannan shafin. Haka in gwajin Y ya nuna reshen R-V88, wanda ake samu sosai a masu harsunan dangin Hausa wajen tafkin Chadi da arewacin Kamaru, wannan zancen dubban shekaru ne, ba ya nufin kakanka na kusa Bature ne ko Balarabe.

Aikin gaske yana shafin dangi. Ana auna kusanci da cM, wato ma'aunin yawan DNA ɗin da mutum biyu suka yi tarayya a kai. Uba ko uwa da ɗa wajen 3,500, shaƙiƙai wajen 2,600, 'yan uba ko kaka da jika ko kawu da ɗan 'yar'uwarsa wajen 1,750, 'ya'yan wa da ƙani wajen 850, jikokin wa da ƙani wajen 230. In wa da ƙanin 'yan uba ne sai ka raba biyu. Ka ga lamba ɗaya tana iya nufin dangantaka uku, bishiyar da ka zana da shekarun mutane su za su raba gardama. Shafin DNA Painter yana da ma'aunin da za ka sa lamba ya jero maka abin da za ta iya zama. Sai dai an gina ma'aunin galibi a kan mutanen da ba sa auren zumunci, mu kuwa taubasai suna auren juna hawa bayan hawa, sai lamba ta kumbura, ɗan'uwa na nesa ya fito kamar na kusa. A irin wannan gidan ka dubi tsawon guntu mafi girma da suka yi tarayya a kai, kada ka tsaya a jimla, ƙananan guntaye ƙasa da cM 10 kuma kada ka gina komai a kansu. Kana iya sauke ɗanyen sakamakon, wato fayil ɗin bayanan DNA ɗin, ka ɗora a shafin GEDmatch ko FamilyTreeDNA don ka ƙara samun dangi.

8. AMANA

Kafin kowa ya tofa miyau ka zaunar da shi ka faɗa masa da Hausa cewa abin zai iya fito da abin da ba a nema ba, ya amince a rubuce ko a murya. Ka faɗa masa bayanansa a hannun kamfanin waje za su zauna, an yi wa 23andMe kutse a 2023 kuma ya shiga kotun fatara a 2025, sannan 'yan sandan Amurka sun kama wani tsohon mai kisa a 2018 ta hanyar GEDmatch, don haka ka nuna masa inda ake rufe asusu da inda ake gogewa. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, ka karanta ta.

In lamba ta nuna wani ba ɗan wanda ake zato ba ne, bakinka alaikum. Ba ka da hurumin cire kowa daga nasabarsa, a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta hana amfani da gwajin nan wajen kore nasaba. Wanda ya zo maka don yana zargin matarsa ka sallame shi, wannan ba aikinka ba ne. Haka zancen bauta, in ka gano kaka baiwa ce ko sa-ɗaka ko gidan cucanawa ne, ka faɗa wa wanda ya sa ka aikin shi kaɗai cikin mutunci, shi zai yanke abin da zai shiga littafi.

9. MAI DA SHI SANA'A

Kada ka ajiye aikinka tukuna. Ka yi wa gida 2 ko 3 aiki a kuɗin mota kawai, da sharaɗin za ka nuna wa wasu samfurin bayan ka rufe bayanan masu rai. Ka zaɓi fanni ɗaya ka ƙware, ba za ka iya duk ƙasar Hausa ba. Wani ya kama zuri'ar fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda rassansu suka bazu har Salaga da zangon Kumasi. Wani ya kama Sudan, inda jikokin mahajjatan ƙasa da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke, har garin Mai Wurno ga shi nan a bakin Shuɗin Nilu, da yawansu sun riƙe sunan garin kakansu kawai suna neman wanda zai je ya tambayo musu. Akwai kuma baƙaƙen Amurka da na Bahiya ta Brazil, inda aka kai Hausawa bayi har suka shirya bore a 1807. Su waɗannan ka gaya musu gaskiya tun farko, da wuya a kai ga sunan ƙauye.

A gida kuwa masu taron zumunci na shekara su ne kasuwarka ta farko, sai gidajen sarauta da na malamai, da lauyoyin da ke neman magada.

Kuɗi a kan lokaci da wahala ake yanka shi, ba a kan sakamako ba, don kana iya kwana 5 a Kaduna ka dawo da layi biyu. Ku rubuta yarjejeniya, me ake nema, kwana nawa, kuɗin mota da masauki da na kwalbar gwaji daban, rabin ladan a gaba. Dangi za su ce ai kai namu ne, ka yi musu ragi amma ka rubuta. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. Takardar shaida ba dole ba ce kafin ka fara, amma in kana son aikin waje akwai hukumar BCG ta Amurka da ke tantance masu wannan sana'a ta hanyar duba ayyukansu, akwai APG, ƙungiyar masu wannan sana'a, kuma Jami'ar Strathclyde da ke Glasgow tana koyar da fannin ta intanet har digiri na biyu. In babu kuɗin waɗannan, darussan FamilySearch kyauta ne, kuma malaman sashen tarihi na jami'ar da ke kusa da kai sun san hanyar ma'ajiyoyi, ka je ka gaishe su.

10. MIƘA AIKI

Abu huɗu nake miƙawa, bishiya babba da za a iya mannawa a bango, ɗan littafi mai labarin da inda kowane bayani ya fito, shafi ɗaya na abin da aka nema ba a samu ba da inda ya kamata a dosa nan gaba, sai muryoyin tsofaffin a filashi. Kwafin da zai shiga guruf ɗin WhatsApp na dangi ka cire ranakun haihuwa da lambobin masu rai da duk sakamakon DNA. Ka ajiye naka kwafin a wuri biyu, ɗaya ba a gidanka ba. Kafin a kai wurin buga littafi kuma ka koma wurin tsofaffin da suka ba ka labarin ka karanta musu da baki, suna bayan suna, a hankali, fensir a hannunka, don kusan kullum sai an tsayar da kai an ce ka manta wata 'yar da ta rasu a goye, a sa ta.